Kafin guruf ɗin WhatsApp: yadda ɗaliban karatu daga nesa suka samu abokan aji

1/ Duk mai karatu a NOUN ya san guruf ɗin kwas ne rabin makarantar. Na bi diddigin abin, ashe ya girmi intanet ɗin da muka sani. Ku biyo ni 🧵

2/ A 1840 Isaac Pitman a Ingila ya fara koyar da gajeren rubutu ta gidan waya. Ka aika aiki, a gyara, a maido maka. Darasi na isowa, amma in abu ya shige maka duhu da dare, babu wanda za ka tambaya. Kaɗaicin nan shi ne babban ciwon karatu daga nesa.

3/ A 1973, a Jami'ar Illinois ta Amurka, wani matashi David Woolley ya ƙirƙiro Notes a kan tsarin kwamfuta na PLATO: ka ajiye tambaya, wasu su amsa a ƙasa. A shekarar kuma Doug Brown ya yi Talkomatic, ɗakin hira na mutum biyar, kana ganin harafi na fitowa yayin da ake buga shi.

4/ Open University ta Birtaniya, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971, yawancinsu manya ne masu aiki da iyali. A 1988 ta saka manhajar tattaunawa ta CoSy a wani kwas mai ɗalibai sama da 1,000. Daga gida suke shiga ta layin tarho.

5/ Matsalolinsu fa irin namu ne sak. Kuɗin tarho ya hana wasu shiga, kamar yadda data ke mana. Kuma 'yan kaɗan ne ke rubutu, saura sai dai su karanta su yi gum 😅

6/ Mu nan, an kafa buɗaɗɗiyar jami'a a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Da wayoyi suka yawaita, ɗalibai da kansu suka buɗe guruf-guruf.

7/ Abin da na fahimta: tun zamanin wasiƙa ana iya aika darasi. Abin da hira ta ƙara shi ne abokin karatu. Matar aure da sai yara sun yi barci take buɗe littafi, ta yi tambaya ƙarfe 11, wani ya amsa.

8/ Don haka in ka san amsa, don Allah ka rubuta. Wani na dab da ajiye karatun, amsarka ce za ta riƙe shi.