Daga Duwatsun Tsari na Rumawa zuwa Talhatanar Adar

A ƙasar Masar, zamanin mulkin Rumawa, musamman ƙarni na 2 da na 3 na Miladiyya, masassaƙa sun shahara da zana surori da baƙaƙen Girkanci a kan ƙananan duwatsu masu daraja, waɗanda ake ratayawa domin tsari. Kowane dutse da aikinsa. Wanda garinsa ke ja kamar jini, na tsai da jini ne da kiyaye mahaifa. Tsanwa mai surar maciji da kan zaki kuwa, na ciwon ciki ne, har likita Jalinus ya ambace shi. Ashe abu uku ne suka haɗu: launi, da sura, da rubutu.

Wannan tarihi ya shafi yankinmu. Marubutan Rum sun ambaci jajayen duwatsu da ke fitowa daga hannun Garamanta, mutanen Fezzan, kuma haƙe-haƙen da aka yi a Jarma sun nuna ana sarrafa aƙiƙ a wurin. Daga baya birnin Kambay na Indiya ya riƙe wannan ciniki, alhazai da fatake suna kawowa. A ƙarni na 19 garin Idar-Obashtain na Jamus ya shigo da dutsen Barazil, yana rina shi ja, yana kwaikwayon sifar da Abzinawa ke so. Na gilas masu araha suka biyo baya daga Bohemiya.

A Adar, inda Hausawa da Abzinawa ke zaune tare kamar a Tajaye, abubuwan nan uku sun rarrabu. Rubutu ya koma takarda, malam ya rubuta, baduku ya ɗinke: laya ke nan. Hatimi ya ɗauki gurbin sura, tun da Musulunci ya ƙi surar mai rai. Dutse ya tsira da launinsa, shi ne talhatana da tsakiya, ado a fili, tsari daga kambun baka a ɓoye.

Saboda haka ya wajaba masu shirya ƙamus da littattafan yaƙi da jahilci su bambanta laya, kambu, guru, hatimi, talhatana da tsakiya. In aka tattara su ƙarƙashin suna guda, an binne tarihi. A tuntuɓi maƙera da dukawa da tsofaffin mata na Konni, Malbaza da Illela, a rubuta sunayen daga bakinsu tun suna raye.