Wa Ke Tsaya wa Ɗan Kambo a Jazira?

A shekarar 1950 gwamnatin Sudan ta karɓe gandun audugar Jazira daga hannun kamfanin Turawan Ingila, ta damƙa shi ga sabuwar hukuma mai hedikwata a Barakat, kusa da Wad Madani, ƙarƙashin Arthur Gaitskell. Doka ta ware kimanin kashi 2 cikin 100 na ribar auduga domin jin daɗin jama'a. Da wannan kuɗi aka haƙa rijiyoyi, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, aka tura mata ma'aikata ƙauyuka suna koyar da ɗinki, tsafta da rainon yara.

Sai dai alherin ya fi bin ƙauyukan masu hawasha, wato manoman da aka yanka wa gona a gandun. Masu noma da ɗibar auduga bisa lada, Hausawa da Barebari da mutanen Darfur, yawancinsu a kambo suke, tarin bukkokin kara da ɗakunan laka a bakin magudanar ruwa. Nan ake wanki, nan dabba ke sha, nan yara ke ɗebo na girki, tsargiya kuwa ta zama 'yar gida. Ma'aikacin jin daɗin jama'a yana iya ganin haka da idonsa, amma littafin da aka ba shi bai san da su ba.

Hausawa ba su zauna jiran littafin ba, domin sun zo da nasu tsarin tun daga hanya. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira gabas, har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Garin ya zama zangon masu tafiya Makka a ƙasa. Baƙo ya sauka, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya nema masa aikin gona, ya riƙe masa ajiyar guzirin hajji. Malam ya karɓi yara a makarantar allo, wadda mutanen ƙasar ke kira halwa. In ciwo ya kwantar da mutum a yi masa gayya, in ya rasu ba dangi, unguwa ta yi masa sutura. Masani Bawa Yamba, wanda ya zauna a irin waɗannan ƙauyuka, ya tarar da jikokin mahajjata har yanzu suna ɗaukar kansu matafiya.

Wannan tsari ma yana da nasa tabon. Sarkin Mai Wurno da ke kai kukan talaka gaban Bature shi ne kuma ke samar wa Baturen leburori, a aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925 da kuma gonakin auduga. In rikicin lada ya taso, ɗan ƙwadago bai da tabbacin ɓangaren da mai yi masa magana zai karkata.

Babbar matsalar ita ce jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta nemi shaidar cewa kakannin mutum suna Sudan tun 31 ga Disamba 1897, mutanen Burmi kuwa bayan nan suka iso. Sai aikin shugaban ƙauye ya koma rakiya ofis-ofis da neman shaidu, don ba takarda ba aikin gwamnati, ba mallakar fili cikin kwanciyar hankali. Dokar 1994 ta matso da iyakar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma sunan "Fallata", da ake kiran baƙi daga yamma da shi, ya ci gaba da bin jikoki.

A 2013 mazauna kambo suka kafa ƙungiyar Mu'utamar al-Kanabi, wato taron 'yan kambo, suna neman filin gini, ruwan sha, makaranta da asibiti da bakinsu. A jihar Shuɗin Nilu kuma Hausawa suka nemi a ba su masarauta cikin tsarin sarautun gargajiya, wasu ƙabilun yankin suka ƙi, suna cewa sarauta ta masu ƙasa ce. Faɗa ya ɓarke a Yulin 2022, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba. An kashe ɗaruruwa, dubbai suka gudu jihohin Sinnar, Farin Nilu da Jazira, inda makarantu da gidajen 'yan'uwa suka fara karɓarsu.