Bagauda: Darasin Madatsar da Ta Ɓalle

A farkon mulkin Gwamna Audu Bako, wajen shekarar 1970, aka tare ruwa a ƙasar Bebeji da ke kudu da birnin Kano, aka raɗa wa madatsar sunan Bagauda, sarkin Kano na farko. Da ƙasa aka ɗaga ganuwarta, aka kuma gina otal a gefen tafkin, inda masu hali ke zuwa shan iska. Ta girmi madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, amma ba ta kai ko kusa da girmanta ba.

A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai tsanani, ganuwar ta ɓalle. Ruwan da aka tara domin noma da nishaɗi ya afka wa ƙauyukan da ke gangare, ya rushe gidaje, ya share gonaki, ya ci rayuka. Daga baya otal ɗin ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, madatsar ƙasa ba a gama gina ta. Kullum tana neman hannu. Saiwar itacen da ya tsiro a jikin ganuwa kan ruɓe ta bar kafa. Gara da gafiya kan yi rami. Laka kan cike cikin tafki, sai ya kasa ɗaukar ruwan da ya saba ɗauka. Idan kuma mafitar rarar ruwa ta toshe, ruwa ya haura kan ganuwa, cikin sa'o'i kaɗan zai zaizaye ta. Yoyo mai fita garau ana iya sa masa ido, amma da zarar ya fara fitowa da launin ƙasa, cikin ganuwar ne ke tafiya.

Mu mutanen Gwandu da Kalgo ba baƙin wannan darasi ba ne. A Satumban 2010, lokacin da mafitar madatsar Goronyo ta karye, ruwa ya biyo Gulbin Rima ya shanye shinkafar fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Wanda ke gangare shi ke biyan bashin da aka ci a tudu.

Shi ya sa nake ganin duk mai ƙaramar madatsa a gonarsa, ko ta kifi ce, ko ta shayar da shanu, ko ta shaƙatawa, amanar maƙwabtansa ya ɗauka. Kafin faɗuwar damina, ya sare itatuwan ganuwa, ya cike ramuka, ya yashe mafita, ya kira injiniya ya duba tsagewar da ya gani. Aikin kwana biyu ne da rani, wanda in aka bari sai Agusta, ba ya yiwuwa.