Ninkin Takarda: Daga Layun Kumasi Zuwa Littafin 'Yan Koyo

A shekarar 1817 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Bowdich, ya sauka Kumasi a zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu. Cikin abin da ya rubuta har da darajar takarda a hannun malaman Musulmi da ya tarar: ya ce falle ɗaya kan ciyar da ƙaramin malami wata guda. Dalili kuwa laya. Malam ya yi rubutu, ya ninke takardar har ta koma 'yar mitsitsiya, a naɗe ta da zare, baduku ya ɗinke ta cikin fata, sarakunan yaƙi su jera a jikin rigar da suke kira batakari. Wannan fa tun kafin Zongon da muka sani, wanda ya bunƙasa bayan Turawan Ingila sun mamaye Kumasi a 1896, fataken goro suka cika gari.

Hukuncin laya mu bar wa malamai. Abin lura a nan shi ne yadda ake koyon ninkin: almajiri ya zauna gefen malam, ya zuba ido, hannunsa ya ɗauka. Wanda ba shi da malam a kusa, shi ke nan.

Japan ma ta daɗe a haka. Shekara ashirin kafin zuwan Bowdich, a 1797, aka buga Hiden Senbazuru Orikata a Kyoto, littafi mafi tsufa da aka sani kan ninkin takarda na nishaɗi, wato origami. Yana nuna hanyoyi 49 na ninka tsuntsaye irin gauraka a haɗe da juna. Sai dai bai damu da ɗan koyo ba, ya ɗauka mai karatu ya riga ya iya ninka tsuntsu ɗaya tun a gida.

Wanda ya warware matsalar shi ne Akira Yoshizawa, haifaffen 1911, da ya rasu a 2005. A littafinsa na 1954 ya tsara alamomi: layi mai tsinke-tsinke na nufin a ninka takarda ta yi kwari, layi mai tsinke da ɗigo na nufin ta yi tudu, kibiya kuma ta nuna inda kusurwa za ta nufa. Samuel Randlett a Amurka da Robert Harbin a Ingila suka faɗaɗa tsarin, ya bazu duniya. Daga nan littafi ya iya zama malami, domin yana nuna motsin hannu, ba siffar ƙarshe kaɗai ba.

Wannan tarihin ya shafi uban da ke neman littafi wa ɗansa a Aboabo ko Sabon Zongo. Yaron yana Hausa a gida, Twi a Kejetia, Larabci a makaranta, Turancin kuwa sai a hankali. Littafin da ya jingina da dogon bayanin Turanci zai kashe masa gwiwa tun a shafi na biyu, kuɗi kuma sun tafi. A ganina gwajin ɗaya ne: a rufe rubutun da tafin hannu, a bi zanen kawai. In an kai ƙarshe, littafin ya yi. A duba ko shafukan farko sun fassara alamomin, kuma ko ya fara da kofi da kwalekwale kafin ya kai ga gauraka. Kada kyan hoton bango ya ruɗi mutum. Sau da yawa aikin gwanaye ne.

Takarda ta musamman ba dole ba ce. Tsohuwar jarida ko fallen littafin rubutu ya isa, muddin an yanka shi gefe huɗu daidai, domin in ɗaya ya ɗara, kusurwa ba za ta haɗu da 'yar'uwarta ba.