Tuddai da tafkunan Ngaundere: abin da mai yawo da ƙafa ya kamata ya sani

Ngaundere, babban birnin yankin Adamawa na ƙasar Kamaru, yana zaune a kan tudu mai tsawon sama da mita 1,000 daga teku, shi ya sa iskarsa ta fi ta Garwa da Marwa sanyi. A nan layin dogon da ya taso daga Yawunde ya tsaya tun 1974, kuma daga nan manyan motoci ke kwasar kaya zuwa Cadi. Hausawa 'yan kasuwa da mahauta sun daɗe da zama a garin tare da Fulani da Mbum. Da yawa daga cikin baƙi suna sauka daga jirgi su wuce tasha, ba su san akwai wuraren shan iska a bayan gari ba.

Dutsen Ngaundere

Garin ya ci sunan wannan dutse ne. A harshen Mbum sunan yana nufin dutsen cibiya, saboda wani ƙaton dutse da ke ɗare a ƙololuwarsa kamar cibiya. Hawa da sauka aikin safiya ɗaya ne. Hanyar tana da tsakuwa da gangara, don haka silifa ba ta yi, sai takalmi mai kama ƙasa. Daga sama ana hango garin baki ɗaya.

Tafkin Tizon da na Mbalang

Dukansu biyu ramuka ne na tsofaffin duwatsu masu aman wuta da ruwa ya cika. Tizon yana kudu da gari, ana ratse masa daga hanyar Meiganga, kuma akwai 'yar turba da ke zagaye bakinsa ta cikin itatuwa. Mbalang ya fi nisa, ta gabas. Irin waɗannan tafkuna ba kamar gulbi ko tafkin karkara ba ne, gaɓarsu a tsaye take, taku kaɗan mutum ya zurma. Ko gwanin ninkaya gara ya tsaya a kan turba, a kuma riƙe hannun yara.

Magangarar Vina da Tello

Ruwan kogin Vina yana zubowa daga kan dutse kimanin kilomita 15 daga gari, a kan hanyar Meiganga. Tello kuwa tana can hanyar Belel, kuma akwai kogo a bayan ruwan da ke zuba, wanda ake iya shiga da ƙafa. Duwatsun wurin suna da santsi ko da rani.

Lokaci da tsaro

Damina a nan tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ciyawa ta rufe turba, macizai su yawaita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafiya ta fi daɗi, sai dai hazo kan rage hangen nesa.

Wasu sassan karkarar Adamawa sun sha fama da masu tare hanya da masu garkuwa da mutane, musamman a rugagen makiyaya. Wanda zai yi nisa da gari ya tambayi mai masauki ko jandarmomi halin da hanya take ciki, ya ɗauki ɗan jagora na wurin, ya riƙe ruwan sha da katin shaida. Idan ya isa ƙauye ya fara gaida jauro kafin ya shiga daji, kuma ya yi ciniki da mai babur kan zuwa da dawowa, ya koma gari kafin magariba.