Sergio Baldi: Baturen Italiya Da Ya Bi Sawun Larabci A Cikin Hausa

Da yawa daga cikinmu in an ce Napoli, sai tunaninmu ya tafi kan ƙwallo da Victor Osimhen, wanda ya taimaka wa kulob ɗin ya ci kofin gasar lig ta Italiya a 2023. To amma a wannan birnin akwai tsohuwar jami'a mai suna L'Orientale, wadda asalinta ya faro tun 1732, kuma ana koyar da Hausa a cikinta. Farfesa Sergio Baldi na cikin malaman da suka daɗe suna riƙe da wannan fanni a can.

A 1977 ya fitar da Systematic Hausa Bibliography a birnin Roma, wato jerin littattafai da maƙalun da aka rubuta game da Hausa. A 1988 ya wallafa nazari kan kalmomin Larabci da Hausa da Swahili suka yi tarayya wajen arowa. Sai babban aikinsa da Faransanci, ƙamus na kalmomin aro daga Larabci a harsunan Afirka ta Yamma da Swahili, wanda kamfanin Karthala na Faris ya buga a 2008.

Wannan fanni ne ya fi jan hankalina, don kalmomin nan su ne abincin bakinmu a kara, ko ta Dei-Dei kusa da mu nan Jiwa, ko ta Agege. Dillali daga dallal yake, Baswahile kuma ya ce dalali. Riba, lissafi, har la'adar da ake cirewa in an sallama sa, duk Larabci ne. Abin lura shi ne Bahaushe kan haɗiye "al" ɗin Balarabe ya manna ta a jikin kalma: al-kitab ya koma littafi, al-hisab ya koma lissafi, su kuwa Swahili suka bar ta, suka ce kitabu da hesabu. Irin wannan bambanci ne masana ke dubawa su gane ta wace hanya kalma ta shigo, ta bakin fatake ko ta allon malamai.

Daga baya kamfanin Hoepli na Milan ya buga masa ƙamus na Hausa da Italiyanci a 2015, sannan littafin nahawun Hausa don 'yan Italiya. Su biyun nan sun fi kusa da talaka, musamman 'yan uwanmu na Gana da Nijar da Najeriya da ke neman abinci a Italiya, irin yankin Castel Volturno da ke kusa da Napoli.

Matsalar dai, yawancin littattafan ba da harshenmu suke ba, kuma da wuya ka gan su a shagon littattafai a Sabo Ibadan ko Idi-Araba, inda yara da yawa ke tashi da Yarbanci da buroka a baki fiye da Hausa. Mai son dubawa sai ya nema a ɗakunan karatu na jami'o'i ko ya yi oda ta intanet.