Hajiya Gambo Sawaba: Asalinta da Rayuwarta

Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001) 'yar siyasa ce daga Sabon Garin Zariya, shugabar mata a jam'iyyar NEPU, kuma tana cikin matan farko da suka shiga fagen siyasa a Arewacin Najeriya tun mata ba su da ikon jefa ƙuri'a.

Asalinta

Hanyar jirgin ƙasa ce ta haɗa iyayenta. Mahaifinta, Theophilus Wilcox Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne. Ya zo Najeriya wajen 1910, ya kama aikin reluwe, ya musulunta aka sa masa suna Isa. A Zariya ya auri Fatima, Banufiya 'yar yankin Lavun da ke Jihar Neja ta yau, jikar maƙera da mayaƙa.

An haife ta ranar 15 ga Fabrairu, 1933. Sunan yankanta Hajaratu, amma da yake tagwaye ta biyo, sai aka riƙa kiranta Gambo. Unguwarta, Sabon Gari, wuri ne da Turawa suka ware wa baƙi, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, inda yaro kan ji harsuna iri-iri tsakanin gida da kasuwa. Wadda ta fito daga irin wannan tsatso ba ta ga dalilin raina mutum saboda asalinsa ba.

Ƙuruciyarta

Ta shiga firamaren En'e ta Tudun Wada. Mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta ta bi shi bayan shekara uku. Karatu ya tsaya, aka yi mata aure tana da shekara 13. Wannan ɗacin ne ya sa ta tsaya tsayin daka kan yaƙi da auren wuri da neman ilimin 'ya'ya mata.

Siyasarta

Tana da shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar talakawa da aka kafa a Kano a 1950. A wani taro a Zariya, tsoron 'yan doka ya ɗaure bakin maza, sai ta hau dandamali ta yi magana. Jagoran NEPU, Malam Aminu Kano, shi ne ya laƙaba mata Sawaba. Ta je Abeokuta wajen 'yar gwagwarmayar mata Funmilayo Ransome-Kuti don ƙaro sanin yadda ake haɗa kan mata. A Kano kuwa gida-gida ta riƙa bi tana wayar da kan matan kulle, har aka kama ta aka ɗaure. Sau 16 ta shiga kurkuku, ta sha duka, amma ba ta ja da baya ba.

Allah ya nuna mata ranar da matan Arewa suka samu 'yancin zaɓe a 1976. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP.

Rasuwarta

Ta rasu a Oktoban 2001. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. A nan 'yan mata ke kwana, su wayi gari su tafi karatun da maraici ya raba ta da shi.